Tambaya ga masu koyar da doka: in koya wa 'yan shekarar farko lojik da alamomi ko in bar shi?

Mushe_GarinMalam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ya zafi ya ƙura. Akwai wata matsala da ke damuna kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan tunda na san cikinmu akwai malamai, akwai lauyoyi, akwai ma waɗanda suka taɓa zama kujerar alƙalanci.

Ni malamin wucin gadi ne a wata makarantar gaba da bak, wato jarrabawar kammala lise, mai zaman kanta nan cikin Zinder, sashen doka, 'yan lisans shekarar farko nake riƙe da su. Bana aka ƙara mini wani kur, awa 20 kacal a semestir ɗin, sunansa lojik juridik, kuma ni aka bar wa tsara abin da za a sa ciki. To ni abin da na fito da shi daga fakulte a Yamai shi ne silojizim ɗin nan da kowa ya sani, majer ita ce doka, miner ita ce abin da ya faru, sai konkilizyon. Duk wanda ya ɗauke abin da ba nashi ba da nufin zamba ɓarawo ne, wane ya ɗauke akuyar da ba tashi ba da nufin zamba, donk wane ɓarawo ne. Wannan kam minti goma ya isa a koyar da shi, ba awa 20 ba.

Sai na ce bari in yi abin da gaske, na nemo littattafan lojik na zauna na koyi abuna, p da q, haruffan da ke tsayawa a madadin magana, kibiyar nan ta "in kaza to kaza", tablon gaskiya da ƙarya mai layi huɗu, da sauransu. Wallahi ni abin ya buɗe mini ido sosai. Amma da na kai shi aji, sati biyu ina rubutu a tablo, ajin ya yi tsit irin tsit ɗin da ka san ba na fahimta ba ne. Yawancinsu 'yan bak A ne, lissafi suka gudo wa suka zo doka, sai ga shi na tarbe su da abin da ya yi kama da lissafin. Wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce mushe, wato malam, wannan zai taimake mu a ka piratik, aikin da ake ba mu labari mu fitar da hukuncinshi, kuwa? na ce mata e, amma har na koma gida ban gamsu da yadda na amsa mata ba.

Abin da ya hana ni in watsar da shi kuma, kofi ɗinsu, wato takardun aikinsu, da nake gyarawa. Na ba su misali a kan artikil 1382 na kod sibil, wanda ya ce wanda laifinshi ya jawo wa wani ɓarna dole ya gyara. Labarin shanun wani ne suka kuɓuce da dare suka shiga gonar maƙwabci suka cinye mishi gero. Fiye da rabin ajin suka rubuta cewa tunda mai shanun bai yi laifi ba, ya ɗaure su, igiya ce ta tsinke, to ba zai biya ba. Alhali artikil 1385 na nan gaba kaɗan, mai dabba shi ke da alhakin ɓarnar da ta yi ko tana hannunshi ko ta ɓace ko ta kuɓuce. Kuma wasunsu sun san 1385 ɗin fa, sun haddace, matsalar ita ce sun ɗauka "in da laifi akwai biya" daidai yake da "in ba laifi ba biya". Wannan ba rashin hadda ba ne, kuskuren tunani ne, kuma shi ne ainihin abin da lojik ke magani.

To ku ba ni shawara dan Allah. In ci gaba da alamomin har su saba, ko in zubar da su gaba ɗaya in koma sharhin hukunce-hukunce, ko akwai wata hanya? Saura awa 14 nake da su.

Metir_Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya taimake ka, don malamin da kofin ɗalibai ke hana shi barci ba shi da yawa.

Ni dai shawarata ka sauke p da q ɗin nan. Na daɗe ina shiga kotu nan Zinder, daga ta farko har kotun ɗaukaka ƙara, ban taɓa ganin shari'ar da aka yi asararta don wani ya kasa haɗa majer da miner ba. In an riga an yarda da doka an yarda da abin da ya faru, ko ɗan sakon ofis zai faɗa maka hukuncin. Duk faɗan yana kafin nan ne, wajen sa wa abin suna. Mutum ya ba abokinshi moto ya je Mirriya ya dawo, abokin ya wuce Magariya ya sayar. Sata ce? Ba a ɗauke ba ai, da hannunshi ya miƙa makulli, to cin amana ce, wani artikil ne daban, wasu sharuɗɗa ne daban, in mai gabatar da ƙara ya kama ta da sunan sata na samu ƙofa. Wane tablon gaskiya ne zai gaya wa yaro wannan?

Bari in ba ka misalin da nake so ƙwarai. Lokacin da kuran, wato wutar lantarki, ya fara shiga gidaje a Turai mutane suka fara jona waya suna sha ba biya, kamar dai yadda muka sani. A Jamus babbar kotunsu a 1899 ta ce ba sata ba ce, don doka ta ce sata ɗauke "abu" ne, kuran kuwa ba abu ba ne da za ka ɗauka, sai da majalisa ta yi sabuwar doka musamman a 1900. A Faransa kuma kotun kasasyon, babbar kotunsu, a 1912 ta ce sata ce, kuran abu ne tunda yana iya fita daga hannun wani ya koma hannun wani. Ka duba da kyau, silojizim ɗin alƙalan Jamus ba shi da aibi, na alƙalan Faransa ma ba shi da aibi, amma ɗaya ya saki mutum ɗaya ya ɗaure. Inda suka rabu kalma ɗaya ce, mene ne "abu", kuma lojik ba ya da bakin magana a nan.

Shi ya sa alƙalin nan na Amurka, Holmes, tun 1881 ya ce rayuwar doka ba lojik ba ce, gogewa ce. Chaïm Perelman na Beljiyam ma da lojik ɗin alamomin ya fara, daga baya shi da Lucie Olbrechts-Tyteca suka fitar da aikinsu a kan hujja da gamsarwa a 1958, don ya ga abin da alƙali ke yi shi ne auna hujjoji biyu masu nauyi ya zaɓi wadda zai iya karewa gaban jama'a.

Kuma kar ka manta inda yaran nan za su yi aiki. Mu nan aure da saki da gado da rikicin gona, yawanci al'adar masu shari'ar ake bi, alƙali na zaune da masu ba shi shawara kan al'ada, wata maganar ma daga gaban mai gari ko fadar Sarkin Damagaram take tasowa wajen sulhu kafin ta iso mana. Majer ɗin kanta ba a rubuce take ba, sai an nemo ta. Ka ba su hukunce-hukunce na gaske su karanta har su gaji, shi ne zai yi musu amfani.

Almajirin_Birni ya rubuta:

Salamu alaikum. Metir Allah shi ƙara girma, maganarka akwai gaskiya ciki amma ina ga ka tsallake ciwon da Malam ya nuna. Shi bai ce yaranshi sun kasa sa wa abu suna ba, cewa ya yi sun juya "in" sun karanta ta ta baya. Wannan ciwo ne daban kuma shina da magani, kuma maganin na nan cikin zaurukanmu tun kafin a kawo mana kod sibil.

Malam ka gwada wannan gobe in Allah ya kai mu. Ka shiga aji kar ka rubuta komi, ka tambaye su, wanda ba shi da alwala sallarshi ta yi? Za su ce a'a. Ka ce to wanda ke da alwala, shi ke nan sallarshi ta yi? Za su ce a'a mushe, sai in ya yi sallar, kuma sai lokaci ya shiga, kuma sai ya dubi alƙibla. Ba wanda zai faɗi wannan tambaya ko ɗaya, har wanda bai taɓa cin 5 bisa 20 a lissafi ba. To ka ga ashe sun riga sun san bambancin abin da in babu shi babu hukunci, da abin da in akwai shi akwai hukunci, tun suna yara suka san shi, faransanci ne da alamomi suka rufe musu shi.

Malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, sun yanka abin gida uku kuma sun ba kowane iyaka tsaf. Sharaɗi shi ne wanda rashinshi ke wajabta rashi, amma samuwarshi ba ta wajabta samuwa ko rashi, kamar alwala ga salla, ko cikar shekara ga zakka. Sababi shi ne wanda samuwarshi ke wajabta samuwa rashinshi kuma ya wajabta rashi, kamar gushewar rana daga tsaka ga wajabcin azahar. Mani'i kuma, wato mai hanawa, samuwarshi ke wajabta rashi amma rashinshi ba ya wajabta komi, kamar ɗan da ya kashe ubanshi da gangan, dangantaka na nan daram amma ba ya gado. Yanzu ka ɗauki kowane artikil ka ce su ware maka, wanne ne sharaɗi a nan, wanne ne mai hanawa, kuma wannan sababin shi kaɗai ne ƙofar hukuncin ko akwai wata ƙofa. A shanunka laifi ƙofa ɗaya ce ta biya, mallakar dabba wata ƙofa ce, rufe ta farko bai rufe ta biyu ba. Kamar ka ce wane bai yi fitsari ba donk alwalarshi na nan, alhali ya yi barci mai nauyi. Ka faɗa musu haka ka ga ko akwai wanda zai sake wannan kuskure.

Kuma abin da ke ban takaici, yaranmu na jin lojik sai su ɗauka kayan nasara ne. E, Aristo na Girka shi ya fara tsara shi, amma ya shigo larabci aka kira shi manɗiƙi, su Farabi da Ibn Sina suka bunƙasa shi, Imam Gazali wanda ya rasu 1111 ya sa muƙaddima guda ta manɗiƙi a gaban littafinshi na usulu, Mustasfa, har ya ce wanda bai san ta ba ba a amince wa iliminshi. Ka ga ke nan shi ma 'yan doka yake koya wa lojik, irin aikinka. Kuma Ahalarin nan da duk muka fara da shi a zaure, babin tsarki da salla da ƙabli da ba'adi, mai shi Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya shi ne dai ya yi waƙen Sullam a kan manɗiƙi, a shekara ta 941 ta hijira, shina ɗan shekara 21, sa'an ɗalibanka. A ciki ya kawo saɓanin da kanshi, Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halaccinshi ga mai cikakken hankali da ya riƙe Alƙur'ani da sunna.

Ko nan kusa da mu an yi wannan muhawara. Shehu Magili da ya zauna ƙasar Ayar ya kuma je Kano zamanin Muhammadu Rumfa, sun yi musayar baituka da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Suyuɗi na hanawa don asalinshi daga waɗanda ba musulmi ba ne, Magili na cewa da gaskiya ake sanin mutane ba da mutane ake sanin gaskiya ba. Wannan sama da shekara 500 ke nan.

Abu ɗaya dai ka kiyaye Malam, kar ka bari su haɗa ƙiyasi biyu. Ƙiyasin manɗiƙi shi ne silojizim ɗinka, daga doka ta gaba ɗaya zuwa mutum guda, in gabatarwa biyun gaskiya ne sakamako dole ne. Ƙiyasin fiƙihu kuwa kwatance ne, rukuni huɗu, asali da reshe da illa da hukunci, giya haram ce don tana sa maye, wani abin sha na daban na sa maye, sai a ba shi hukuncinta. Nan sakamako ba dole ba ne sai an tabbatar da illar, wato dalilin hukuncin, kuma nan ne maganar Metir ke da ƙarfi. Su ma kansu a doka sun san ba a ɗaure mutum da kwatance a shari'ar laifi, sai da nassi.

Yar_L2 ta rubuta:

Ina wuninku malamai, ku yi haƙuri na shigo maganar manya. Ni ɗaliba ce shekara ta biyu, ba a makarantar mushe ba. Gaskiya abin da ke kashe mu ba tunanin ba ne faransancin ne, sai ka ga artikil layi shida jimla ɗaya, ga sauf si ga à moins que ga sous réserve de ga nonobstant, kafin ka kai ƙarshe ka manta wa aka hana wa aka yarje wa. Ni nonobstant ma na fi wata uku ina ɗauka yana nufin "sai dai in" ashe "duk da" yake nufi, kun ga ai hukuncin ya kife gaba ɗaya. Mu a grup ɗinmu in za mu yi bita sai mun mayar da artikil ɗin Hausa tukuna sannan muke ganewa, kuma ni na lura kalmar "sai" ɗinmu tana aiki sosai, in ka ce ba a shiga sai da kati kowa ya san ba wai duk mai kati ne zai shiga ba. Amma da an rubuta da si sai kai ya ɗaure. Dan Allah mushe ko alamomin za ka koya musu ka fara da waɗannan ƙananan kalmomin, kuma ka bari su yi maka bayani da Hausa ko sau ɗaya, tunda ma tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa ba laifi ba ne.

Prof_Lissafi_SabonGari ya rubuta:

Barkanku. Ni ba ɗan doka ba ne, lissafi nake koyarwa a lise, amma ku bar ni in kare alamomin nan kaɗan don na ga ana neman a binne su da rai.

Abin da Malam Almajirin Birni ya faɗa na alwala an gwada irinshi a kimiyyance. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, a 1966 ya fito da wasan kati huɗu. Kowane kati harafi a fuska ɗaya lamba a ɗayar, kana ganin E, K, 4, 7. Aka ce doka ita ce in akwai wasali a fuska ɗaya to lambar da ke baya mai rabuwa biyu daidai ce, waɗanne kati ne dole ka juya don ka san ko an karya dokar? Mutane da yawa E da 4 suke cewa, amsar kuwa E da 7 ce, don 4 ko mene ne a bayanta bai karya komi ba, 7 ce in aka samu wasali bayanta doka ta faɗi. Wajen mutum 1 cikin 10 ke samu, kuma 'yan jami'a ne fa aka gwada. Amma da wasu masu bincike a 1982 suka mayar da tambayar ta zama dokar zaman jama'a, ta shekarun da aka yarda mutum ya sha giya, sai mafi yawa suka ci. Kai ma gwada da naka, ka ce ba mai zama ɗakin egizame sai da katin ɗalibi, ga mutum huɗu, ɗaya na ciki, ɗaya na waje, ɗaya na san yana da kati, ɗaya na san ba shi da shi, wa za ka bincika? Nan take za su ce na cikin a ga katinshi, marar katin a ga ina yake. Tambaya ɗaya ce sak da ta E da 7.

To amma ga inda na rabu da ku. Wannan binciken kaifi biyu gare shi. Yana nuna mutum na iya tunani daidai in ya san zancen, yana kuma nuna in aka kai shi inda bai sani ba sai ya faɗi. Ɗalibin nan gobe ba alwala za a ba shi ba, dokokin OHADA za a ba shi, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da wasu ƙasashen Afirka ke bi, na kamfanoni da jingina da karyewar ɗan kasuwa, abin da bai taɓa gani a gidansu ba. A nan me zai riƙe? Siffar tunanin ita kaɗai, tsirara. Amfanin p da q ke nan, gada ce da za ta ɗauke shi daga abin da ya sani zuwa wanda bai sani ba. Kuskuren Malam a ganina jeri ne kawai, ya fara da alama kafin misali. Alama a ƙarshe take zuwa, in yaro ya ga misali biyar ya fara jin ai duk abu ɗaya ne, sannan ka ce to bari mu ba abin nan gajeren suna.

Kuma ba da yawa suke buƙata ba. Siffa biyu masu inganci, in p to q, ga p, donk q, da kuma in p to q, babu q, donk babu p. Sai 'yan uwansu biyu na bogi da ke kama da su, babu p donk babu q, wanda shi ne na shanun, da ga q donk akwai p, wanda shi ne na "ɓarawo na gudu in ya ga jandarma, wane ya gudu, donk ɓarawo ne". Sai "da" da "ko". Metir kai da kanka kana aiki da ƙa'idar De Morgan kullum, mai ƙara dole ya tabbatar da laifi da ɓarna da alaƙar da ke tsakaninsu duka uku, kai kuwa ɗaya kawai kake buƙatar ka karya, don kishiyar "wannan da wannan da wannan" ita ce "ba wannan ba ko ba wannan ba ko ba wannan ba". Kuma in an rubuta an hana sayar da magani ko abinci da ya lalace, "da ya lalace" ɗin na abinci ne kaɗai ko har da magani? Karatu biyu ne, ɗaya ya rufe duk farmasin garin nan. Wanda ya saba sa baka-biyu a jimla shi ke hango irin wannan tun kafin a sa hannu a takarda. Tablon gaskiya mai layi 8 da 16 kam na yarda a bar mana shi a lise.

Metir_Zango ya rubuta:

Prof na karɓi ta De Morgan, haka nake yi, kuma na ga matasan lauyoyi na ɓata lokacin kotu suna faɗa da duka ukun alhali guda mai rauni na gabansu. Malam Almajirin Birni kuma Allah ya ƙara sani, rabon nan uku zan ɗauka in yi aiki da shi.

Amma ƙanena ka ware ko awa 4 na ƙarshe ka nuna musu inda abin ke tsayawa, in ba haka ba za ka yaye yara masu jin hukunci na fitowa kamar daga inji. Ka ce musu an kafa allo ƙofar tasha an rubuta an hana shiga da kare, sai ga gardi ya zo da kurarshi a ɗaure. Wani zai ce kare aka ambata, abin da ba a ambata ba an yarda, ya shiga. Wani zai ce in kare ma an hana ina ga kura. Duka biyun hanyoyin fassara ne da aka sani, ta farko a kontrariyo ta biyu a forsiyori, kuma sun kai ka wuri biyu masu karo da juna. Abin da zai raba gardama shi ne don me aka kafa allon, wannan kuma ba ya cikin p ba ya cikin q. Sannan ka juya musu, makaho ya zo da karen da ke yi mishi jagora, ka bar su su yi ta gwabzawa.

Almajirin_Birni ya rubuta:

Metir hanyoyin nan biyu ai a usulu ma akwai su, ta farko mafhumul mukhalafa, ta biyu mafhumul muwafaƙa. Ayar da ta hana ka ce wa iyaye "uf" ba wanda ya ce ta yarda ka buge su. Ta farkon kuwa, ta kishiya, ko malamai ba kullum suke ɗauka ba, hadisi ya ambaci zakka a tumakin da ke kiwo a daji, wasu mazhabobi suka ce donk na turke ba zakka, Malikiyya suka ce akwai, don an ambaci kiwo ne kawai saboda shi ne galibin halin dabbobi a lokacin. Malam wannan ma ka sa a awa huɗun, yaran da suka tashi gidan da ake turke rago za su kama shi nan da nan.

Mushe_GarinMalam ya rubuta:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, ban amsa da wuri ba don na so in gwada tukuna. Jiya Litinin na shiga ban taɓa alli ba sai da aka yi kusan minti 40. Na fara da alwala kamar yadda Malam ya ce, sai katin egizame na Prof, ajin da ya yi sati biyu shiru sai da na riƙa cewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan na mayar musu da kofin shanun ban ce komi ba, na ce kowa ya sake karanta abin da ya rubuta. Yarinyar nan da ta tambaye ni kwanaki ita ta fara cewa mushe ashe mun ce wanda bai yi fitsari ba alwalarshi na nan. Daga nan ne na rubuta p da q a gefen tablo, ƙanana, kuma ba wanda ya ɓata fuska. Na ƙara musu da hukuncin Jand'heur na 1930 a kan artikil 1384, inda kotun Faransa ta ɗora alhakin motar da ta buge yarinya a kan mai tsaron motar ba tare da an nemi a tabbatar da laifinshi ba, don su ga ƙofofin biya sun fi biyu ma.

Ba duka ne suka kama ba, akwai wajen goma a baya da har yanzu in na canza misalin zuwa kwangila sai su koma gidan jiya, wato maganar Prof ta gadar nan gaskiya ce kuma ba a zama ɗaya za a gina ta ba. Ƙanwata Yar_L2 na ɗauki shawararki, zama na gaba kowa zai zo da artikil guda mai sauf si ko nonobstant ya faɗe shi da Hausa gaban aji kafin mu ware sharaɗi da mai hanawa. In kina da waɗanda suka fi ba ku wahala a grup ɗinku ki turo mini lambobinsu.

Inda nake da saura shi ne mai hanawa. A lojik ɗin littafi in ka ce in p to q, ƙarin wani bayani ba ya rushe q, amma a doka kullum haka ake, duk sharuɗɗan kisa sun cika sai a ce kare kai ne, hukunci ya tashi. In cusa "kuma babu mai hanawa" cikin majer tun farko, ko in koya musu shi a matsayin mataki na biyu bayan silojizim? Ni na fi karkata ga na biyu don ya fi kama da yadda ake yi a kotu, mai ƙara ya kawo nashi sannan wanda ake ƙara ya kawo abin da zai ture shi, amma ina so in ji ta bakin Metir. Malam Almajirin Birni kuma in ba damuwa ina roƙon ka zo ka yi musu ko awa ɗaya a kan ƙiyasi biyun nan, ranar Alhamis muke da zama, ni zan zo in ɗauke ka da moto.

Almajirin_Birni ya rubuta:

Ba damuwa Malam, Alhamis ba mu da karatu a zaure. In da hali a sa shi da safe kafin rana ta yi zafi, kuma ka turo mini artikil uku ɗin nan 1382 da 1384 da 1385 in duba su kafin ranar.